"Kaulaha Za Ka?" Tafiyata Ndar Sauraron Jaz

Duk wanda na faɗa wa a Zariya cewa za ni Senegal, tambaya ɗaya yake yi mini: "Kaulaha za ka?" Wasu ba sa ma jiran amsa, sai su ɗora da saƙo, a yi musu addu'a a Madina Baye, unguwar Shehu Ibrahim Inyass, a taho musu da carbi. Ni dai sai in ce Allah ya ba da iko. Ta ina zan fara bayanin cewa mutum mai furfura da jikoki biyu ya shekara uku yana adashi don ya je bikin kiɗan jaz na garin Saint-Louis a bakin teku ya ji ana busa saksafon? Uwargida ce kaɗai ta san gaskiya. Da tana haɗa mini kaya ta ce, "Malam, in ka dawo hannu rabbana ba tsarabar Shehu, kai ka san abin da za ka faɗa wa Hajiya. Ba ruwana."

Ciwon nan a wurin kawuna na ɗauko shi. Ma'aikacin reluwe ne, yana da garmaho da tulin faya-fayai a ɗakinsa na Sabon Gari, kuma da dare yakan kamo Muryar Amurka a gajeren zango don shirin jaz na Willis Conover, mutumin nan mai Turanci a hankali kamar mai karanta wasiyya. Ina ɗan sakandare nake raɓewa a bakin ƙofa. A can na fara jin Duke Ellington da Lester Young, ban san sunan ko kayan kiɗa ɗaya ba. Kawu ya rasu, faya-fayan suka dawo hannuna, ciwon ma ya biyo su.

Na canza kuɗi a Wapa, na kwana Kano, na bi jirgi ta Legas. Wannan ɓangaren ba abin faɗa, ban da jiran awa biyar da muka sha a wani zango ba wanda ya ce mana ci kanku. Mun sauka filin jirgin Blaise Diagne da ke Diass da hantsi. Fasfon ECOWAS ba ya buƙatar biza, katin rigakafin shawara kawai aka duba. Jami'in ya ga koren fasfo, ya ga hulata, ya ɗaga kai ya ce, "Kaolack?" Na ce, "Saint-Louis." Ya sake dubana sama da ƙasa, ya buga hatimi.

Ban shiga Dakar ba. Daga filin jirgin garin Thiès ya fi kusa, kuma ta nan hanyar arewa ta bi. A tasha na tarar da tsofaffin abokai: Fijo 504 da 505 masu dogon baya, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna, mu muka yar da su, su kuwa suna nan suna ɗaukar mutum bakwai-bakwai. Na biya sefa dubu biyar har da kuɗin jaka. Da yake ni na zo ƙarshe, kujerar can baya ta same ni, inda gwiwa ke gaisawa da haɓa. Kafin mota ta tashi yara suka kewaye mu da gwangwanin tumatir a hannu, ƙafa ba takalmi. Almajirai ne, harshen barar ne kawai ya bambanta da namu. Na taho da tunanin zan ga abin da ba mu da shi, sai ga abin da na baro a ƙofar gida ya riga ni isowa.

Tafiyar ta kusa kilomita 200. Mun wuce Tivaouane, garin Alhaji Malick Sy, inda wata tsohuwa da ke gabana ta ɗaga hannu ta shafa addu'a tun daga farkon gari har ƙarshensa. Sai Mékhé mai dukawa, takalman fata jere a bakin titi kamar ka shiga Kurmi. Daga nan ƙasa ta buɗe, rairayi da kuka da ƙaya, ka rantse hanyar Daura ce. Sau uku jandarmomi suka tsayar da mu. Direba yakan fita da takardunsa ya zagaya bayan mota, ya dawo, mu wuce. Abin da ke gudana a bayan motar ban gani ba, amma ba wanda ya ce wa fasinja ya sauko, ba katako mai ƙusoshi a kan titi. Direban ya fara da ƙasidun Muridiyya, muka wuce Louga ya juya zuwa mbalax, kiɗan rawarsu mai gangunan sabar. Na ƙwanƙwasa gwiwa ina neman inda zagayen kiɗan yake farawa, har muka isa ban samo shi ba. Shekara arba'in ina taƙama da kunne, ga direban tasha ya kunyata ni da rediyon mota.

'Yan gari ba sa cewa Saint-Louis, Ndar suke cewa. Tsohon garin tsibiri ne a tsakiyar kogin Senegal, siriri, tsawonsa wajen kilomita biyu. Faransawa suka kafa shi a 1659, ya riƙe hedikwatar duk yankinsu na Afirka ta Yamma daga 1895 zuwa 1902, kafin Dakar ta ƙwace. Ana shiga ta gadar Faidherbe, gadar ƙarfe mai tsawon mita 500 da 'yan kai, wadda aka buɗe a 1897. Gidajen benaye ne masu baranda, fenti ruwan ƙwai da ja duk gishirin teku ya cinye, keken doki na wucewa ƙwaƙwas-ƙwaƙwas. Kyau kam akwai shi, irin kyan tsohuwar da aka san ta yi tashe.

Masauki ne ya so ya gagare ni. Bikin jaz ɗin, wanda ake yi tun farkon shekarun 1990, yana cika garin maƙil, otal-otal na tsibirin duk an kama tun watanni. Na yi ta jan jaka har la'asar, sannan wani mai shago ya haɗa ni da ƙanwarsa a Sor, unguwar da ke wancan ƙetaren gada. Ɗaki ɗaya, katifa, gidan sauro, fanka mai kuka, sefa dubu goma sha biyar a kwana. Na yi ciniki da yatsu da guntun Larabcin makarantar allo, domin Faransancina bai wuce gaisuwa ba.

A gidan nan na ci abincin da har yau nake mafarkinsa. Ceebu jën suke kiransa, shinkafa da kifi, kuma 'yan Ndar sun ce a garinsu aka ƙirƙiro shi, a hannun wata mata mai suna Penda Mbaye. Karyayyiyar shinkafa ce aka dafa a romon tumatir, da kifi da aka tsaga aka cusa masa yaji da ganye, da rogo, kabeji, karas, gauta, da ɗan tsamiya a gefe. A faranti ɗaya muka ci mu shida. Uwar gidan ba ta cika cin nata ba, tana ɓantaro kifi da rogo da hannu tana jefa wa kowa gabansa, baƙo kuma nasa ya fi yawa. Ƙanzon ma ba a zubarwa, a ƙaramin kwano ake kawo shi ana rububi. Masu musun dafa-duka tsakanin Najeriya da Ghana su yi haƙuri, na ga uwar abin. Aka kawo bissap, na kurɓa, ashe zoɓo ne. Aka kawo wani fari mai kauri, ashe kwalba da nonon kuka ne ba nono. Da safe na sayi kofin Touba a bakin titi kan sefa ɗari, ƙamshin ya daki hancina na ce wannan ai kimba ce.

Daren farko na yanki tikitin sefa dubu goma na shiga babban dandali, a filin da ke gaban tsohon gidan gwamna. An ce ƙarfe tara, ba a taɓa kayan kiɗa ba sai sha ɗaya saura, bayan jawabai da godiya ga masu ɗaukar nauyi. A nan dai ba su fi mu ba. Kujerun gaba Turawa ne da manyan Dakar. Ga iska mai sanyi tana tasowa daga teku, ni kuwa na baro Zariya ana zafin bazara, daga ni sai shadda ba ko 'yar ciki. Sai da na fita na sayi rawani wurin wani Balaraben Muritaniya na naɗe wuya.

Kiɗan kuma, in faɗi gaskiya, bai biya ni ba. Ƙungiyar farko ƙwararru ne, amma an ƙure lasifika har ba ka jin katakon babban gogen nan na tsaye, sai dai dum-dum a ƙirji. Ta biyu kuwa mawaƙiya ce mai murya, sai dai abin da take yi waƙar rawa ce aka yafa mata ƙaho biyu don ta shiga jerin. Ba na ƙin waƙar rawa. Abin da na ƙi shi ne a sayar mini da kunu a ce fura ce. Haka nake ji game da wannan lallausan jaz na ɗakin jiran otal, wanda abokaina ke turo mini a WhatsApp suna cewa "ga irin naka." Ba irin nawa ba ne. Sannan wayoyi. Mai busa ya rufe ido yana fitar da abin da ba zai sake fitarwa ba har abada, mutum ɗari sun ɗaga waya suna kallonsa ta gilashi. Na koma Sor ƙarfe biyu ina lissafin kuɗin adashina.

Washegari na je azahar a babban masallacin da ke arewacin tsibirin. Hasumiyarsa akwai agogo, akwai kuma ƙararrawa, abin da ban taɓa gani a masallaci ba. Ina tsaye na saki baki sai wani dattijo mai farar jallabiya ya yi mini magana da Turanci, ya ce daga ganin hular ya san ɗan Najeriya ne. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, ya yi zama a Banjul. Kafin ya tambaya na riga shi: "Baba, ba Kaulaha za ni ba. Jaz na zo ji." Ya yi dariya har da riƙe kafaɗata, ya ce to in biyo shi.

A barandar gidansa muka yini. Jikansa yana dafa shayi a kan gawayi, zagaye uku, na farko ɗaci kamar maɗaci, na ƙarshe zaƙi kamar zuma, yana ɗaga buta sama yana tara kumfa. Dattijon ya fara da gyara mini tarihi: duk ɗan rakiyar da ya ce mini Eiffel mai hasumiyar Paris ne ya gina gadar, ƙarya yake. Sannan ya ce a yadda suka taso suka ji, sojojin Amurka ne suka shigo da faya-fayan jaz lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, samarin gari suka kama, har aka kafa ƙungiyoyi irin su Star Jazz, inda Aminata Fall ta yi waƙa. Ya ga Randy Weston a wannan bikin, ya ga Elvin Jones. Ya ce da Elvin ya zauna kan ganguna, makaɗan sabar da suka zo kallo tsit suka yi.

Daga nan musu ya kaure. Shi a wurinsa jaz ya ƙare ne ranar da aka daina rawa da shi. Lester Young da Dexter Gordon su ne mutane, John Coltrane kuwa na shekarun ƙarshe hayaniya ce kawai, kamar an taka wutsiyar akuya. Na ce, "Haba Baba, mutumin da ke neman Ubangiji da ƙaho ai dole muryarsa ta sarƙe. Ba ka taɓa jin mai zikiri ya kai inda harafi ya ɓace ba?" Ya ce ya ji, amma mai zikiri ba ya sayar da tikiti. Na rasa amsa, na kurɓi shayi.

Na rama da nawa. Na ba shi labarin hoton Louis Armstrong tare da Sardauna a Kaduna a 1960. Na ce masa Yusef Lateef, mai busa saksafon da sarewa wanda ya tashi a Detroit ya musulunta, ya zauna a garinmu daga 1981 zuwa 1985, yana Jami'ar Ahmadu Bello yana bincike kan sarewar Fulani. Dattijon ya ajiye kofi ya ce, "Ka gan shi?" Wannan tambaya ita ce ke ci mini tuwo a ƙwarya. Mutumin yana Samaru, ni ina Tudun Wada ina goge faifansa da gefen riga, ban san yana garin ba sai bayan shekara ashirin. Watakila ma mun yi sahu ɗaya a wata Juma'a. Ya girgiza kai ya ce wannan ko a kabari ba zai yafe mini ba. Na ƙara masa da cewa Lateef ɗin ma ba ya son a kira kiɗansa jaz. Ya ce duk manyan haka suke, sai sun ci sunan sun ƙoshi su ce ba sa so.

Da yamma ya ja ni muka haye ƙaramar gada zuwa Guet Ndar, unguwar masunta, wadda ke kan wani siririn rairayi tsakanin kogi da teku. Ban taɓa ganin cunkoso irin wannan ba: yara, tumaki, taru, kifi a shanye, kwale-kwale masu zane ɗaruruwa, kowanne da sunan shehi ko na uwa a jikinsa. Ta gefen teku gidaje ne rabi a tsaye rabi ruwa ya cinye. Ya ce a 2003 hukuma ta yanka wata 'yar hanya mai faɗin mita huɗu a rairayin, kudu da gari, don ambaliyar kogi ta samu mafita. Teku ya kama bakin ya yi ta ci har ya kai kilomitoci, ya haɗiye ƙauyen Doun Baba Dièye. Muna tsaye ya nuna yamma da sandarsa ya ce daga wannan yankin na Senegal da Gambiya aka kwashi yawancin bayin farko da Faransawa suka kai Louisiana, inda birnin New Orleans, mahaifar jaz, yake. Jikokinsu ne suka riƙa taruwa ran Lahadi a dandalin Congo Square suna kiɗa. Banjo ɗin da ke cikin faya-fayan Armstrong na farko kuwa, danginsa suna nan, su xalam da akonting. Na ce xalam ɗin nan ai da na gan shi molo na gani. Ya ce to ka ji.

Shi ya hana ni sake yankar tikiti. Ya ce in yi barci bayan isha'i, in same shi ƙarfe ɗaya na dare. Wani tsakar gida ne a kudancin tsibirin, bayan wani gidan abinci, kujerun roba ba su fi talatin ba, ƙwan lantarki ɗaya rataye a bishiya. Masu shan giya na shan abinsu a gefe, ni da dattijon aka kawo mana zoɓo. Ba lasifika. Makaɗan da suka gama aiki a babban dandali nan suke zuwa su huce.

Akwai mai babban goge, akwai wani saurayi da ƙaramar ganga da burushi, akwai tsoho mai xalam. Sai wata Baturiya, ba ta fi shekara talatin ba, ta fito da saksafon. Ta iya, yatsunta kamar ruwa. Tana cikin zuba gudu sai wani siririn mutum ya taso daga cikin 'yan kallo da tama a hammata, wato ɗan ƙaramin kalangunsu, bai fi tsawon tafin hannu biyu ba. Ya saurare ta, ya matse tsarkiya ya maimaita abin da ta busa, har da lanƙwasar ƙarshe. Ta buɗe ido. Ta sake busa wani, ya mayar mata, ya ƙara ɗan wutsiya. Sai ya juya abin, shi ya fara, ita ta amsa. A nan ta ɓace. Jimlarsa ba ta sauka inda take jira, kullum sai ta riga shi ko ta makara. Ta gwada sau biyu ta cire bakin ƙahon tana dariya. Bai ƙyale ta ba. Ya matso har gabanta, ya rage gudu, ya buga jimlar gaɓa-gaɓa yana kallon idonta, yadda malam ke biya wa yaro allo. Mai gogen ya riƙe musu ƙasa da sauti biyu kacal, bai ƙara ba bai rage ba. A karo na huɗu ta kama. Tsohon mai xalam ya yi wata ƙara, matan kicin suka fito da ludayi a hannu, wata ta cire ɗankwali ta ɗaura wa mai tama a wuya.

Tsigar jikina ta tashi, kuma ba New Orleans na tuna ba. Makaɗan mahauta na tuna, a bakin kasuwa ina yaro, kalangu na kiran sunan mutum yana amsawa daga rumfarsa. Na tuna Shata, wanda ba ya maimaita waƙa iri ɗaya sau biyu, makaɗansa na bin numfashinsa su san inda zai faɗa kafin ya faɗa. Na tuna Ɗan Maraya da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya. Abin da ke ba ni haushi da waƙoƙinmu na situdiyo ke nan: an kori makaɗi an sa kwamfuta, ita kuwa ba ta jin mawaƙi balle ta ba shi amsa. Na raɗa wa dattijon haka. Ya ce in yi shiru, ana kiɗa.

Ba su tsaya ba sai da aka yi kiran assalatu. Mai tama ya saki tsarkiya a tsakiyar jimla, ya rataya abinsa. Ni da shi da dattijon muka yi alwala a famfo ɗaya. Dare biyun da suka rage duk a tsakar gidan nan na yi su, kuɗin zoɓo kawai na kashe.

Ranar da zan tafi dattijon ya ba ni kaset, ya ce tsofaffin makaɗan Ndar ne ya naɗa daga rediyo da kansa, rubutun jikin ma ya goge. Ni kuma na cire hulata zanna na ba shi.

Kaulaha kuwa na je. Yini guda a mota, na sauka cikin zafin da ya fi na gida. A Madina Baye ban buƙaci tafinta ba, Hausa ake yi ko'ina, wani mai shayi ma ɗan Fagge ne. Na yi ziyara a kabarin Shehu Ibrahim Inyass, na isar da addu'o'in da aka ba ni saƙo ɗaya bayan ɗaya, na sayi carbi dozin biyu da turare. Hajiya ta karɓi nata ta shafa a fuska ta sa mini albarka, uwargida na gefe tana kallon silin.

Kaset ɗin ne har yau ban ji ba. Rediyon kawu da na ɗauko daga saman sif ta ƙi juyawa, na kai wa wani mai gyara a Sabon Gari ya ce bel ne ya tsinke, sai an samo daga Kano. Sati uku ke nan, jiya ma na leƙa ya ce in dawo Laraba.